Anti, bayana ya sake riƙewa, kuma atisaye kawai aka ba ni a asibiti

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Shekarata 36, yarana huɗu, na ƙarshen da tiyata aka ciro shi yanzu shekararsa biyu, sana'ata ɗinki a gida. Tun haihuwata ta uku nake fama da ciwon baya daga ƙasa wajen ƙugu, baya sauka ƙafa, sai ya tafi wata uku ko huɗu har in manta dashi sai kawai ya dawo, wani lokacin tsintsiya zan sunkuya in ɗauka ya riƙe, in yi kwana biyar ko ruku'u bana iyawa. Na sha maganin kemis har na gaji, an min ƙaho, na sayi bel na ɗaura. Nayi hoto aka ce ƙashin ya fara cinyewa. Likita ya tura ni ɓangaren fisiyo, ni a zatona gashi za'a riƙa min da na'ura, sai matar ta kwantar dani tace in riƙa ɗan janyo marata ciki ina numfashi, wai tsokokin cikina da na bayana ne basa aiki yadda ya kamata. Nayi sati biyu naji sauƙi na daina, gashi yanzu ya dawo. Maigidana yace kuɗin mota kawai nake ɓatawa gara a min allura. Anti ina ruwan ciki da ciwon baya? In koma ko in haƙura? Wallahi tsorona kar wata rana in ƙare a kwance.

Mai ɗinki, daga Zariya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu kinji, Allah ya baki lafiya. Ki koma, kuma wannan karon karki tsaya a sati biyu. Amma bari in miki bayani a tsanake, don na lura abinda ya sa kika daina shine ba'a zauna an fahimtar dake dalilin abin ba, kuma ba mai jure yin abinda bai san amfaninsa ba alhali ga ɗinkin mutane yana jira ga yara ga girki.

Zan fara da tsoron nan na ƙarewa a kwance. Ciwon da kika kwatanta, wanda yake tsayawa a ƙugu baya bin ƙafa, ya riƙe ki 'yan kwanaki ya saki ki koma harkokinki, ba irinsa bane yake shanye ƙafafu. Kusan tara cikin goma na masu ciwon ƙasan baya haka nasu yake, za'a duba a rasa wata cuta guda da za'a nuna ace gata, ba karaya, ba ƙari, ba ƙwayar cuta, ba jijiyar da aka danne. Ciwon da gaske ne kuma yana da azaba, na sani, amma azabarsa bata nufin bayan lalacewa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shine kan gaba cikin abubuwan da suke hana mutane gudanar da ayyukansu a duniya baki ɗaya. Dawowar da yake miki ma halinsa ne. Wani bincike da akayi a Ostireliya aka wallafa a 2019 ya bibiyi mutum 250 da suka samu sauƙin ciwon, kafin shekara ta zagayo kashi 69 cikin ɗari ya dawo musu, kuma waɗanda yafi dawo wa sune masu zama sama da awa biyar a rana, da masu yawan aiki a sunkuye ko a karkace, da waɗanda ya taɓa kamawa fiye da sau biyu. Kinga duk ukun nan sun haɗu a kanki.

Sai dai akwai alamomin da in kika ga ko ɗaya daga ciki an bar maganar atisaye, asibiti zaki tafi a ranar ko da tsakar dare ne. In fitsari ya ƙi fita, ko ya fara zubo miki baki ma ji zuwansa ba, ko bayan gida ya kufce miki, ko kika ji tsakanin cinyoyinki da mazaunai sunyi dindiris kina tsarki bakya jin ruwan sosai, ko ƙafa ta rasa ƙarfi tana jan ƙasa silifas yana fita baki sani ba. Wannan alama ce ta jijiyoyin ƙarshen laka sun matse, kuma jinkirin kwana ɗaya ma yana iya barin illa. Akwai kuma waɗanda basu kai haka gaggawa ba amma suna son ganin likita a cikin satin, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ko kin kwanta baya lafawa har ma yafi tsanani da daddare. A nan wajenmu dole in nanata wannan saboda ciwon tarin tibi yana kama ƙashin baya, kuma da yawa sai an gama zagaye tsakanin kemis da mai ɗori har ƙusumbi ya fara fitowa sannan a zo asibiti, alhali cuta ce mai magani. Haka in kina da sikila, ko an taɓa miki maganin ciwon daji, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko yana gefe guda tare da zafin fitsari da rawar sanyi, duk ki faɗa wa likita. Baki ambaci ko ɗaya a wasiƙarki ba, alhamdulillah.

Maganar hoto kuma, dan Allah ki sauke ta daga ranki. A 2015 wasu masana sun tattara bincike 33 da akayi wa mutane sama da dubu uku hoton baya, mutanen da ko kaɗan basa jin ciwon baya, lafiyarsu ƙalau. A masu shekara 20 kashi 37 cikin ɗari an ga faifan bayansu ya fara sauyawa, a masu shekara 30 kashi 52, a masu 40 kashi 68, a masu 80 kuwa kashi 96. Wato in yau aka ɗebo sa'anninki na unguwarku waɗanda basu taɓa cewa wash ba aka musu hoton, fiye da rabinsu za'a ga irin abinda aka gani a naki. Sauyi ne da yake zuwa da shekaru. Raina yana ɓaci duk sanda naji an gaya wa mace mai ƙarfinta cewa ƙashinta yana cinyewa aka sallame ta ba ƙarin bayani, saboda daga ranar sai ta fara tsoron jikinta, tana tafiya a sandare tana gudun sunkuyo, kuma wannan tsoron da sandarewar su kansu suna ƙara ciwon.

Toh yanzu tambayarki, ina ruwan ciki da baya. Ƙasan bayan mutum ƙasusuwa biyar ne ɗaya kan ɗaya, tsakanin kowanne akwai faifai mai ɗan laushi, kuma su kaɗai in ba tsoka ko nauyin gangar jikinki bazasu iya ɗauka ba balle ki goya yaro ki sunkuci bokiti. Tsokoki ne suke tallafe dasu ta kowane ɓangare. Akwai manya na waje masu lanƙwasa ki da miƙar dake, akwai kuma na can ciki waɗanda ba'a ganinsu. Ɗaya shimfiɗaɗɗiya ce a ƙarƙashin duk sauran tsokokin ciki, ta zagayo daga gaba ta gefe da gefe har ta haɗe da baya kamar ɗamara, itace wadda matar take so ki koyi motsawa sanda tace ki janyo mara. Daga baya kuma akwai ƙananan tsokoki manne a jikin ƙashin, ana ce musu maltifidas, kowacce tana ɗaure ƙashi da na kusa dashi. Daga sama akwai tsokar numfashi wadda ta raba ƙirji da ciki, daga ƙasa akwai tsokokin ƙasan mara masu riƙe fitsari da bayan gida. Duk tare suke aiki, shi yasa aka haɗa miki da numfashi.

Abin mamakin shine aikinsu ya fi dogara da lokaci akan ƙarfi. A 1996 wasu masana biyu a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, suka saka 'yan siraran wayoyi a tsokokin cikin mutum 15 masu ciwon baya da 15 marasa ciwo, suka ce kowa ya ɗaga hannunsa da sauri. A marasa ciwon sai aka ga tsokar ɗamarar nan tana kamawa tun kafin tsokar kafaɗa ta motsa, ƙwaƙwalwa ce take riga ta shirya bayan kafin motsin ya zo. A masu ciwon kuwa tana makara. Makarar bata kai ƙiftawar ido ba, amma tana nan. Wannan yana cikin abubuwan da ake ganin suna bayyana dalilin da zaki ɗauki buhun garin masara lafiya lau saboda kin shirya masa, amma tsintsiya ko allurar da ta faɗi ƙasa ta riƙe miki baya saboda kin sunkuya ba shiri.

A shekarar dai, Julie Hides da abokan aikinta a jami'ar suka gano wani abu wanda shine zuciyar matsalarki. Mutanen da ciwon baya ya kama karon farko, maltifidas ɗinsu na wajen da yake ciwon yana ƙanƙancewa cikin ɗan lokaci, kuma ko ciwon ya tafi mutum ya koma aikinsa tsokar bata komawa yadda take da kanta. Sun raba mutum 39 gida biyu, wasu aka basu kulawar likita kawai, wasu aka ƙara musu da atisayen farfaɗo da tsokar na sati huɗu. Bayan shekara guda, a waɗanda basuyi atisayen ba kashi 84 cikin ɗari ciwon ya dawo musu, a waɗanda sukayi kashi 30. Mutanen basu da yawa don haka ba'a ɗaukar lissafin a matsayin na kowa da kowa, amma darasin a fili yake, ranar da kika daina jin ciwo aikin bai ƙare ba, a gaskiya ma ranar ce jikin ya samu sararin da za'a fara shi da kyau. Ke kuma a daidai wannan gaɓar kika ajiye.

Ki ƙara da naki tarihin. Ciki huɗu, kowanne ya miƙar da bangon cikinki wata da watanni, haihuwa uku sun bi ta tsokokin ƙasan mara, ta huɗun an yanka ta bangon cikin. Bayan haihuwa muna da wankan jego da kunun kanwa da ɗaure ciki da zani, amma ba mai cewa maijego ta sake koya wa tsokokin nan aiki, ana arba'in sai ta koma shara da wanki da goyo. Don haka abinda matar nan ta gano a jikinki ba baƙon abu bane a wajen mai 'ya'ya huɗu. In kin lura cikinki yana tasowa ta tsakiya a tsaye sanda zaki tashi daga kwance, ko kina ɗan ɗigar fitsari in kinyi tari ko atishawa ko dariya, ki gaya mata karki ji kunya, wannan daban yake da na gaggawar da na faɗa a sama kuma zai canza irin atisayen da zata baki.

Amma fa bana so ki ɗauki janyo marar nan a matsayin wani sirri da in ba shi ba warkewa. Bayan waɗancan binciken anyi wasu da yawa, kuma a 2016 ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su auna ingancinsa, suka duba su gaba ɗaya suka ga wannan nau'in atisayen yafi zama haka nan ba'a komai, amma bai fi sauran nau'o'in motsa jiki ba a fili. Ni a ganina wannan labari ne mai daɗi, don yana nufin ƙofofin da yawa. Ko tafiyar ƙafa tana ciki. A 2024 mujallar Lancet ta wallafa binciken Jami'ar Macquarie akan mutum 701 da suka tashi daga ciwon baya, rabinsu aka tsara musu tafiyar ƙafa a hankali ana ƙarawa tare da ganin likitan fisiyo sau shida cikin wata shida, rabi aka barsu. Waɗanda aka bari, a tsaka-tsaki bayan kwana 112 ciwon da yake hana aiki ya dawo musu, masu tafiyar kuwa sai da suka kai kwana 208. To me yasa nace ki koma ga tsarin matar fisiyon? Saboda ta taɓa jikinki ta ga inda raunin yake, saboda ya dace da mai tarihin haihuwa irin naki, kuma saboda kinji sauƙi dashi da kanki.

Na farkon da ta koya miki yawanci a nan ake kuskure, bari in maimaita miki. Ki kwanta rigingine a tabarma ko kafet, banda katifa mai lotsawa, ki naɗe gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa. Ki sa yatsu daga ciki kaɗan da ƙashin ƙugun nan da yake turowa ta gaba. Ki saki numfashi a hankali, sai ki ɗan ɗago ƙasan mara kamar zaki tsayar da fitsari, ki janyo abinda ke ƙasan cibiya ciki kaɗan. Kaɗan nace, ko rubu'in ƙarfinki bai kai ba. Zaki ji wajen ya ɗan yi tauri a ƙarƙashin yatsunki a hankali, in kika ji ya turo yatsun waje da ƙarfi ko haƙarƙarinki ya ɗage ko kin danne numfashi toh manyan tsokokin ne suka karɓe aikin, ki saki ki sake. Ki riƙe daƙiƙa goma kina numfashi yadda zaki iya yin magana, ki maimaita sau goma. Abin zai miki kamar ba komai kike ba, haka yake a farko, ƙwaƙwalwa ake koya wa hanya.

Sai dai wannan matakin farko ne kuma ba'a daɗewa a kansa. Ba a kwance bayanki yake riƙewa ba, a tsaye ne da sunkuye, don haka dole atisayen ya tashi daga tabarma ya biki har inda kike aiki. Daga nan ake ƙara zame diddige ɗaya a ƙasa a dawo dashi ba tare da ƙugu ya karkata ba, sai ɗaga mazaunai sama daga kwancen a riƙe a sauke a hankali, sai a koma rarrafe akan hannu da gwiwa a miƙe ƙafa ɗaya baya, in ya zauna a haɗa da hannun ɗaya ɓangaren gaba, bayan yana nan a daidaice baya lotsawa. Sai kwanciya ta gefe akan gwiwar hannu da gwiwar ƙafa a ɗaga ƙugu. Daga ƙarshe a tsaye, ki koyi sunkuyawa ta hanyar tura mazaunai baya, ki koyi tsugunno ki tashi, ki fara ɗaga jarka da ruwa kaɗan ana ƙara ruwan sati bayan sati. Matar fisiyon ce zata gaya miki lokacin wucewa daga wannan zuwa wancan, kuma wannan shine babban dalilin komawarki, wanda ya tsaya a matakin farko wata shida bai samu cikakken amfanin ba. Ki sa a ranki sati takwas zuwa goma sha biyu kina yi kusan kullum, minti goma zuwa sha biyar, daga baya ki rage zuwa sau biyu ko uku a sati ki ɗore a haka ko bakya jin komai. Ki liƙa shi da wani abu da bakya fashinsa, misali kina sallame la'asar kafin ki naɗe sallaya, don in kika ce sai kin samu lokaci bazaki samu ba.

In kina yi kika ji ɗan ciwo ko tsamin jiki wanda zaki iya jurewa kuma zuwa washegari ya lafa, ki cigaba, ba ɓarna kike ba. In ya tsananta ya kwana ya wuni, ki rage yawan ko ki koma matakin baya. In kuma ya fara harbawa zuwa ƙafa ko ƙafar tana sagewa, ki tsaya ki sanar da ita. Wani abu kuma da nake gani a wajen mata masu himma, da zarar sun koyi janyo mara sai su wuni a ɗaure, ciki a tamke, numfashi sama-sama, suna ganin kare bayan suke. Karki yi haka, tsokar da bata saki itama ciwo take sawa. Ana so ta kama sanda ake buƙata ta saki sanda aka gama.

Sai keken ɗinkin. Bazan ce ki bar sana'arki ba, kuma babu wani zama guda da za'a ce shine daidai ki sandare a kansa, abinda baya baya so shine daɗewa a hali ɗaya. Duk rabin awa ki miƙe ko da na minti ɗaya ne, ki dafa ƙugu ki ɗan gantsare, ki taka zuwa ƙofa ki dawo, ki ajiye dutsen guga da almakashi nesa yadda dole sai kin tashi. In a ƙasa kike shimfiɗa yadi kina yanka a duƙe, ki nemi tebur ko da na aro ne, wannan kaɗai zai rage miki awanni na sunkuyo. Kujerar ta zama mai majingina, ki naɗe tawul ki sa a ƙugu, ki kuma duba hasken ɗakin don rashin haske ne yake sa mutum kifa kai akan allura. Wajen wanki ki ɗora bahon akan benci ko ki zauna a kujera 'yar tsugunno, tsintsiya a ɗaura mata sanda. Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce, ki raba ta biyu kafin ƙarfinki ya kawo. Duk wannan don a rage yawan nauyin ne na ɗan lokaci, ba wai sunkuyo haramun bane, an halicci baya ne don ya lanƙwashe kuma burinmu ki koma yin ruku'unki da sujadarki ba fargaba. Ki ƙara da tafiyar ƙafa, ko zagayen tsakar gida ne ko zuwa islamiyya a ƙafa, ki fara da minti goma ki riƙa ƙarawa har ki kai rabin awa a yawancin ranakun sati.

Kuma ko kinyi duk wannan zai iya sake motsawa wata rana, in hakan ta faru karki ce aikin banza nayi. Abinda ake nema ya riƙa jimawa bai zo ba, in ya zo ya zo da sauƙi ya tafi da wuri. Ranar da ya riƙe karki kwanta kwana biyar, ki huta 'yan awanni ko wuni guda ki riƙa tashi kina takawa a hankali, doguwar kwanciya tana jinkirta sauƙi. Ki gasa wajen da tawul mai ɗumi ko gorar ruwan zafi a naɗe a zani, kiyi sallarki a zaune in tsayuwa ta gagara tunda addini ya bada wannan sauƙin, kina jin dama ki koma atisayen daga mai sauƙi. Ki lura kuma da barcinki da damuwarki, sau da yawa a satin da mutum bai samu barci ba ko ransa yake a jagule ciwon yake tashi.

Maganin kemis ɗin nan yafi komai damuna a wasiƙarki. Su daiklofenak da aiburofen da firoksikam dangi ɗaya ne, suna taimakawa na 'yan kwanaki in likita ya ga ba matsala, amma ba'a haɗa biyu a sha tare, kuma yawan shansu yana kawo olsa, yana taɓa ƙoda, yana tada hawan jini, mai ciki kuma bata sha sai da izinin likita. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna ki guje shi gaba ɗaya, akan jefa dezametazon a ciki, wanda ake ce wa sha ka fashe, zaki ji garau a ranar amma in aka daɗe ana sha yana raunana ƙashi ya tada suga. Tiramol kuwa ko kyauta aka baki karki fara. Allurar da maigidanki yake magana yawanci daiklofenak ɗin ce dai a ruwa, sauƙin awanni zata baki bata hana dawowa, kuma in aka yi ta a inda bai dace ba a mazaunai tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa.

Bel da na'ura kuma, a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko akan ciwon ƙasan baya mai daɗewa, ta goyi bayan ilmantar da mai ciwo da motsa jiki da tausa, ta kuma ce kar a mayar da bel da na'urar jan baya da magunguna dangin tiramol abin yi na yau da kullum. Don haka matar da ta hana ki kwanciya ƙarƙashin na'ura ta saki aiki da jikinki ba rowa ta miki ba, abinda ilimin yake cewa yanzu ta bi. Gashi yana da daɗi kuma ba laifi a miki a ranar da ciwon yake tsanani, amma kina sauka daga gadon tsokar tana nan yadda take. Ƙaho shima haka, wasu suna jin sauƙi na ɗan lokaci, in zakiyi ki tabbatar aska sabuwa ce saboda ciwon hanta.

Maigidanki yana da hujja akan kuɗin mota, ki saurare shi da girmamawa, kuma akwai mafita. Wannan tsarin baya buƙatar zuwa asibiti sau uku a sati, aikin a gida yake. Ki roƙi matar ta tsara miki zuwa sau ɗaya duk sati biyu a farko, daga baya sau ɗaya a wata, ki bada wayarki a ɗauke ki bidiyo kina yin kowane atisaye a gabanta tana gyara miki don ki riƙa kallo a gida. Ku zauna dashi ku lissafa abinda kuke kashewa a kemis da ɗinkin da kike rasawa duk sanda kika kwanta, in da hali ya raka ki sau ɗaya yaji da kunnensa. Ga sauran masu karatu da suke da irin matsalar, akwai sashen fisiyo a asibitin koyarwa na Shika, da na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙashi na Dala, da manyan asibitocin gwamnati da dama, kuma in wajen kuɗi zaku je ku tabbatar mai duba ku yana da rajista da hukumar MRTB mai yi wa likitocin fisiyo rajista, don ba duk mai na'urar tausa a shago bane likitan fisiyo.

In kin koma ki gaya mata gaskiya cewa sati biyu kikayi kika daina, ba faɗa zata miki ba, kuma sai ta san daga inda zata ɗora. Ki kwatanta mata yadda kike zama a keke da yadda kike yanka da yadda kike ɗaukar ɗan autanki, ki ce ta gwada miki da jarka ko bokiti a wajen. Sannan tun yanzu ki yanke adadin ɗinkin sallar da zaki karɓa ki rufe a kansa ko wa ya zo da magiya, don kwana akan keke sati biyu a jere zai iya tada miki ciwon ko da atisayen ya fara kama jikinki. Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne.